Abin da Kwanon Barde Ya Koya Mana

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yawanku kun gan mu wata safiyar Talata a cikin keke mai ƙafa uku, mun nufi wajen Mokola, ɗanmu na rungume da ɗan kwikwiyo a cikin tsohon bargo, mu kuma muna gefe da carbi a hannu. Kafin azahar labari ya gama unguwa, wai an ga mai jan sallah yana rakiyar kare asibiti. Wasu sun yi dariya, wasu sun zo har rumfa sun tambaya cikin ladabi. Shi ya sa muka ga gara mu rubuta abin da ya faru, musamman da yake yanzu gidaje da sitoci da dama a nan unguwar sun fara ajiye irin waɗannan manyan karnuka, kuma kuskuren da muka yi ba mu so wani ya maimaita shi.

Asalin maganar sata ce. A damina ɗaya sau biyu aka fasa mana sito. Na farko aka kwashe buhunan wake, na biyu aka haɗa da huhunan goro waɗanda ba ma namu ba ne, ajiya ce ta wani bawan Allah da ke jiran mota zuwa Arewa. Sai da muka biya shi daga uwar kuɗi. Maigadinmu dattijo ne mai amana, ya fi shekara goma tare da mu, amma ido ya fara rauni, kuma mutum ɗaya ba ya tsare ƙofa biyu. Ɗanmu na biyu ne ya ce, "Baba, a samo kare, irin manyan nan da ɓarawo ke jin haushinsu ya canza hanya."

Ba mu amsa nan take ba. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san ba a ajiye kare a gida don sha'awa, an dai yi rangwame ga na noma da na kiwo da na farauta, malamai da yawa kuma sun shigar da tsaron dukiya a ciki idan akwai buƙata. Masu sharhi ma sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron a cutar da shi, da aka tuna masa Imamu Malik bai so haka ba, sai ya nuna cewa zamani ne ya sauya. Da wannan muka natsu. Muka yanke cewa karen zai zauna a sito, ba zai shiga gida ba, kwanonsa daban, wurinsa daban.

Aka kawo shi yana da sati takwas. Irin da ake kira Boerboel ne, asalinsu Afirka ta Kudu, inda manoma ke ajiye su don tsaron gona. Namiji idan ya cika yakan wuce kilo 60, wato ya fi buhun shinkafa nauyi. A lokacin kuwa ɗan abu ne ja-ja, sai manyan tafukan ƙafa kamar ya ari takalmin babansa. Maigadi ya sa masa suna Barde. Maƙwabcinmu na sito, wani Bayerabe mai sayar da kayan gini wanda muka daɗe muna mutunci da shi, shi ma ya sayi ɗan'uwansa, uwa ɗaya haihuwa ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu dai abin da muka sani game da abincin kare shi ne abin da muka taso muka gani a gida: ƙanzon tuwo, ragowar miya, ƙashi idan an yi yanka. Karen gida ya ci wannan, ya tafi yawo ya ƙaro da abin da ya samu a bola da daji, ya rayu. Sai muka ce to, wannan tunda an sa kuɗi an sayo shi, kuma zai yi mana aiki, ai ba za mu ba shi ƙanzo ba. Za mu kyautata masa. Me ya fi nama a wurin kare? Muna da abokai mahauta, kullum da yamma yaro ya je ya karɓo ragowar tsoka da tumbi da huhu da hanta, a tafasa, a zuba a kan ɗan koko ko shinkafa. Ƙashi kuwa muka hana, don mun taɓa ganin kare da ƙashi ya maƙale masa a wuya. Barde ya ci, ya lashe kwano, cikinsa ya yi tulu. Mu kuma muna jin daɗi, muna ganin mun sauke haƙƙi har da ƙari.

Wajen wata huɗu sai maigadi ya ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan fa ba ya son tashi." Muka ce ƙiwa ce ta ƙoshi. Bayan kwana kaɗan ya fara jan ƙafafun baya, idan aka taɓa bayansa sai ya yi ƙara. Ranar Litinin da daddare ya diro daga kan buhu biyu kacal, abin da kyanwa ba za ta ma lura da shi ba, sai ya kwanta yana kuka har asuba. Maigadi bai runtsa ba. Da muka je bayan sallah muka same shi ya tasa shi a gaba, ya ce, "Malam, wannan kukan ciwo ne, na yi kiwo, na san shi." Ka ji dalilin keken da kuka gani.

Likitar dabbobin mace ce, ba ta kai shekarun babbar 'yarmu ba. Ta sa aka ɗauki hoton ƙashi, ta ɗaga shi a gaban haske ta nuna mana. Ƙashin lafiyayye fari yake fitowa tas, mai kaurin bango. Na Barde kuwa dishi-dishi, bangonsa siriri kamar ɓawon ƙwai, ga wani wuri a cinya da ya lanƙwashe ya tsage. Ta ce, "Alfa, me kuke ba shi?" Muka faɗa mata da ɗan alfahari, nama zalla kullum. Ta girgiza kai ta ce naman ne ya kai shi nan.

Ga bayanin da ta yi, yadda muka fahimce shi. Ana gina ƙashi da sinadarai biyu, kalsiyam da fosfaras, kuma jiki na son su zo kusan daidai, kalsiyam ya ɗan rinjaya. Tsoka da kayan ciki cike suke da fosfaras, kalsiyam ɗinsu kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Koko da shinkafa ma ba su da shi. Jini kuma ba ya yarda kalsiyam ɗinsa ya yi ƙasa, domin da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi. Idan bai zo daga abinci ba, sai jiki ya koma ya dinga ɗiba daga ƙashi. Ɗan kasuwa ya san wannan halin sarai: ciniki bai kawo riba ba, kullum kana cefane daga jari, rumfa a buɗe, kaya a jere, mai wucewa yana ganin lafiya, har ranar da za a nemi biyan bashi a tarar ba komai. Wata biyu Barde yana cin jarinsa, mu muna yaba tulun cikinsa.

Sai muka yi irin tunanin kowa. Muka ce to likita, a rubuta mana ƙwayar kalsiyam, mu saya da yawa, mu haɗa da garin ƙashi mu dinga zuba masa. Ta ɗaga hannu ta ce a'a, wannan shi ne rami na biyu, kuma manyan karnuka sun fi faɗawa cikinsa. Babban kare da ya gama girma, idan kalsiyam ya yi masa yawa a abinci, hanjinsa na iya rage abin da yake tsotsa. Ɗan kwikwiyon da bai kai wajen wata shida ba bai iya wannan ba tukuna, abin da aka zuba masa yawanci shiga yake yi. Idan ya yi yawa sai ya dagula yadda guringuntsi ke rikiɗewa ya zama ƙashi a bakin gaɓoɓi, ƙafafun gaba su karkace, kafaɗa ko gwiwa ta kama ciwo. Ta ce an daɗe da gwada wannan a kan manyan karnukan da ake kira Great Dane a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, kuma a can ne aka gano cewa yawan furotin, wanda mutane ke zargi, ba shi ne mai laifin ba. Masu laifin su ne kalsiyam da ya wuce kima, da kuma cin da ya wuce kima.

A nan ne ɗan'uwan Barde ya shigo. Maƙwabcinmu bai yi kuskurenmu ba. Shi abincin buhu ya saya tun ranar farko, amma ya cika babban kwano ya ajiye, ya ƙare a ƙara, dare da rana. Wanda ya sayar masa da karen kuma ya haɗa shi da kwalbar ƙwayar kalsiyam, wai don ƙashi ya yi kauri. Karen ya tashi kamar ana hura shi. Yana wata biyar ya kusa ninka Barde, duk wanda ya zo sai ya tsaya kallo, mu ma har muna jin kunyar namu. Yana wata takwas ya fara ɗingishi, idan zai tashi sai ya yi kamar tsoho mai sanyin ƙashi. Da aka duba, ƙafar gaba ta karkace, kan ƙashin cinya kuma bai zauna daidai a cikin kwankwaso ba. Likita ta ce shi ciwon kwankwason akwai gado a cikinsa, amma nauyin da aka ɗora wa ƙashi tun yana ɗanye shi ke fito da shi da wuri, ya kuma tsananta shi. Girman da Allah ya rubuta wa kare a jininsa zai kai shi ko an gaggauta ko ba a gaggauta ba. Irin waɗannan sai sun yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ƙashinsu ya gama ƙwari. Mai ɗura masa abinci ba ya ƙara masa tsawo ko taƙi ɗaya, lokacin kawai yake ragewa, kamar maginin da ya ɗora bene a kan bulon da bai bushe ba.

To me za a ba shi? Ga abin da muka koya, kuma a kansa muke har yau.

Na farko, a duba buhu. Ba kowane abincin kare ne ya dace da ɗan kwikwiyo ba, kuma ba kowane na 'yan kwikwiyo ne ya dace da manyan iri ba. A nemi wanda aka rubuta Large Breed Puppy a jikinsa, sannan a juya bayan buhun, kada a tsaya ga hoton karen da ke gaba. Akwai wata ƙungiya a Amurka mai suna AAFCO da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi, kamfanoni da yawa da shi suke aiki. A wurinsu babban iri shi ne wanda zai kai fam 70 idan ya girma, wato kimanin kilo 32, kuma abincin ɗansa kalsiyam ɗin ciki kada ya gaza kashi 1.2 cikin ɗari, kada kuma ya wuce 1.8. Furotin kada ya gaza kashi 22.5. Wanda bai iya karanta Turanci ba ya tafi da yaro ɗan makaranta, ko ya ɗauki hoton bayan buhun a waya ya nuna wa likita kafin ya biya. Idan an samu irin wannan abincin, ba a ƙara masa ƙwayar kalsiyam ko garin ƙashi, sai dai in likita ce ta rubuta da hannunta.

Na biyu, awo. Mu da muka tsufa a kan mudu da kongo, abin kunya ne a ce sai wata yarinya ta koya mana auna abinci, amma haka aka yi. A jikin buhu akwai jadawalin yawan da za a ba shi gwargwadon watanninsa da nauyinsa. Muka auna na yini ɗaya a sikelin rumfa, muka sami gwangwanin da ya yi daidai, muka ja masa layi da wuƙa. Ana raba shi uku kafin wata shida, daga nan a koma sau biyu. A ajiye kwano, bayan kamar minti goma sha biyar a ɗauke, ko ya cinye ko bai cinye ba. Ruwa ne kawai ake bari a gabansa kullum. Jadawalin ma mafari ne kawai, hannu ne alƙali. Duk sati a shafa gefen ƙirjinsa: ya kamata a ji haƙarƙari a ƙarƙashin fata ba tare da an danna ba, kuma idan an tsaya a kansa a ga ƙugu ya ɗan shiga. Idan sai an tona kafin a ji haƙarƙari, a rage. Idan ana ƙirga su da ido daga nesa, a ƙara.

Wannan shi ya fi yi wa maigadi wuya. Barde ya gama ya ɗago kai yana kallonsa, shi kuma zuciyarsa ta karye. Ya ce, "Malam, a gidanmu ba a tashin baƙo da sauran yunwa." Sai da muka gaya masa abin da likita ta ba mu labari, na wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 2002. An ɗauki karnuka 48 irin Labrador, aka haɗa su biyu-biyu 'yan uwa ɗaya, aka rage wa ɗaya kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ɗan'uwansa ke ci, tun suna ƙanana har ƙarshen rayuwarsu. Waɗanda aka rage wa sun fi daɗewa a duniya da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi kuma ya yi jinkirin kama su. Maigadi ya yi shiru, can ya ce ai raƙumin da aka fi ɗura wa ma ba shi ke kai kaya Agadas ba. Daga ranar bai sake ƙara ko ƙwara ɗaya a kan layin gwangwani ba.

Na uku ya shafe mu mutanen Sabo fiye da kowa, saboda irin kayan da muke sayarwa. Albasa guba ce ga kare, ɗanya ko dafaffiya, tana fasa jajayen ƙwayoyin jininsa a hankali har ya rasa jini. Tafarnuwa ma haka. Ke nan ragowar miya da dafa-duka da tsiren da ya kwana duk ba nasa ba ne. Goro kuma, wanda ɓarinsa ke zube a ƙasan kowane sito a nan, yana ɗauke da irin sinadaran da ke cikin kofi da cakulan, waɗanda ke sa zuciyar kare bugu da ƙarfi, ya kama rawar jiki, in ya ci da yawa ya mutu. Inabi da zabibi suna lalata masa ƙoda. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya yi tsini a hanji. Madarar shanu tana sa da yawansu zawo. Yanzu kafin a saki Barde da dare sai an share sito tas.

Na huɗu, ajiya. Kun san danshin Ibadan, tun daga watan huɗu har na goma rigar da aka rataya ma sai ta yi wari. Abincin buhu yawanci akwai masara a ciki, idan ya sha danshi ya yi fumfuna, gubar da ke fita daga ciki hanta take kamawa, kuma ba kullum ake ganinta da ido ba. Muna ɗora buhu a kan katako kamar yadda muke yi wa wake, a ɗaure bakinsa bayan kowane ɗiba, kuma ba ma sayen wanda zai wuce wata guda a buɗe. Wanda ake aunawa a kongo daga buɗaɗɗen buhu a kasuwa, wanda ba ka san sunansa ba balle ranar lalacewarsa, mun bar shi duk arahar sa. Idan kuma za a canza daga wani abinci zuwa wani, a yi shi cikin mako guda, ana haɗa tsohon da sabon kaɗan-kaɗan, in ba haka ba ciki ya ɓaci. Kada kuma a manta da maganin tsutsa da allurar rigakafi, musamman ta haukan kare da ake yi a wata uku. Wannan kam ba don karen kaɗai ba, har don yaranmu da ke wasa a layi.

Sai maganar kuɗi, wadda ba za mu ɓoye ba. Ranar da muka sayo buhun farko, uwargida ta ji farashin, ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, kare zai ci wannan, alhali ga almajirai a ƙofa?" Ba mu da amsa mai daɗi, domin gaskiya ta faɗa. Abin da muka iya cewa shi ne, almajiri idan bai samu a ƙofarmu ba zai matsa gaba, shi kuwa wannan mu muka sa masa sarƙa, ba shi da wata ƙofa sai tamu. Muka yi alkawari ba za a taɓa kwanon almajirai ba, kuɗin Barde daga kuɗin tsaron sito zai fita, a rubuta shi a littafi kusa da albashin maigadi. Wanda yake so ya dafa da kansa don sauƙi, ana iya yi, amma sai likitan dabbobi ya tsara masa abin da zai haɗa da yawan kowanne, a auna a sikeli. Da ka ba a iya daidaita kalsiyam ɗin ɗan kwikwiyon da ke ƙara nauyi duk mako. Wanda kuma ya lissafa ya ga ba zai iya ɗaukar wannan na shekara biyu ba, shawararmu ya nemi karen gida. Yana da haushi, yana da kunne, ya saba da zafinmu da cimarmu, kuma ba a taɓa jin ɓarawo ya tsaya tambayar asalin karen da ya biyo shi ba.

Barde ya yi sati shida a tsare a ɗan keji, ba gudu ba tsalle, yana cin abin da aka auna masa. Da aka sake ɗaukar hoto, ƙashin ya fara fari. Yau yana da shekara ɗaya da wata bakwai. Akwai ɗan karkata a ƙafar da ta tsage, wanda ya san labarin ne kawai zai lura. Tun da ya fara kwana a sake ba a ƙara taɓa mana ƙofa ba, alhamdu lillahi. Ɗan'uwansa yana nan da rai, an rage masa ƙiba, ana ba shi maganin ciwo, amma yawancin dare a kwance yake yi. Maƙwabcinmu mutumin kirki ne, bai yi don mugunta ba, kamar yadda mu ma ba mu yi don mugunta ba. Duk mu biyun so ne ya sa muka cika kwano, kuma duk mu biyun ba mu tambayi masu sani ba sai da ɓarna ta auku.

Sau nawa muka zauna bayan la'asar muna karanta wa jama'a labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare? Mun ɗauka mun fahimce su. Sai da muka tsaya a gaban hoton ƙashin nan muka gane cewa ciyarwa ma tana da ilimi, kuma wanda ya ɗaure dabba wajibi ne ya nemi ilimin kafin ya ɗaura igiyar. Wanda ke da niyyar sayen irin wannan kare, ya fara zuwa wurin likitan dabbobi tun kafin ya je wurin mai sayarwa. In ya ga dama ya biyo ta rumfa bayan azahar, gwangwanin awon na nan rataye, mu nuna masa inda muka ja layi.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu da iyalanmu, ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, ya ba unguwarmu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.